Wa Zai Gaya wa Surukina?

Zuwa ga
Shugaban Shirin Tazarar Haihuwa
mai kula da shiyyar Sabon Birni da Isa,
Jihar Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi maka barka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni tsohon malamin firamare ne, mutumin wani ƙauye kusa da Gatawa wanda yau babu komai cikinsa sai kangaye. Ina zaune a nan Sabon Birni cikin ɗakin haya guda ɗaya tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Ban so wannan magana ta fito fili ba, don ba irin maganar da dattijo ke yi a bainar jama'a ba ce. Na yi ta sintiri a ofishinku, kullum a ce mini kana Sakkwato wajen taro. Shi ya sa na ajiye kunya na ɗauki alƙalami.

Magana ce a kan ran 'yata. Ita ce 'yar farina, don haka ba za ka ga sunanta a wasiƙar nan ba. Ka san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Likita ya gaya mini da bakinsa cewa idan ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ba za ta tashi ba. Mijinta bai sani ba. Yana kudu wajen ci-rani, kuma yana tafe da ruwan farko kamar kowane manomi. Har yau ban sami namiji ɗaya a duk shirinku da zai zauna da shi ya gaya masa ba. Ga yadda aka yi muka kawo nan.

1. Yadda muke hutar da mata tun kafin ku zo

Ma'aikatanku suna magana kamar su suka kawo mana tazarar haihuwa a mota. Ba haka ba ne. A ƙauyenmu idan mace ta haihu, gidan iyayenta take tafiya wankan jego, kuma ba ranar arba'in take dawowa ba. Tana nan a ɗakin uwarta har goyo ya yi wayo. Miji ba ya cewa uffan. Idan ya ƙosa, sai ya tura manyansa da goro su je biko, uwar yarinya kuma ta karɓi goro ta sa albarka, ta ce, "Ku gai da shi, ku ce mai, yarinya ba ta yi ƙwari ba tukuna." Magana ta ƙare ke nan. Haka surukata ta yi mini, Allah ya jiƙanta, na yi ta cizon yatsa a gona ni kaɗai. Macen da ta yi kwanika, wato ciki a kan goyo, uwarta ake zagi, ba mijinta ba.

Abin da nake so ka gane shi ne, a wannan tsari babu wanda ya taɓa zaunar da namiji ya yi masa bayani. Ba a buƙata. Ƙofar ɗakin suruka ce ke yin aikin. Mu maza mun girma mun tsufa ba mu san komai a kan cikin mace ba, kuma matanmu sun huta duk da jahilcinmu.

To, ɓarayin daji ba shanu da hatsi kaɗai suka raba mu da su ba. Sun raba mu da ɗakin suruka. Wata uwar tana Maraɗi gudun hijira, wata tana Isa a raɓe gidan wani, wata tana cikin ƙasa. Tawa matar, uwar yarinyar nan, ta rasu daminar farko bayan mun taso. Zazzaɓi aka ce, ni dai na san baƙin ciki ne. Yau a unguwar da muke, mace na haihuwa ta yi wanka a bayan zana, ta koma ɗaki ɗaya da mijinta, don babu wani wurin zuwa. Tsohon tsarin ya rushe, sabon da kuka kawo kuma da mata kaɗai yake magana.

2. Haihuwar farko

Surukina yaron kirki ne, ina so wannan ya shiga kunnenka tun yanzu, don na san yadda ake siffanta mazan ƙauye a tarukanku. Ɗalibina ne tun yana aji ɗaya. Bai taɓa ɗaga wa 'yata murya ba. Ranar da naƙuda ta yi tsanani, shi ya goya ta a babur ɗin aro zuwa asibiti, shi ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa aka ƙara mata. Aiki aka yi mata aka ciro ɗa namiji.

Kwanakin da ta yi a kwance, yana gindin bishiya a bakin ƙofar asibiti. Ana kiransa idan za a sayo magani, ana kiransa idan ruwan zafi ya ƙare. Ranar sallama, nas ta tara masu jego ta gaya wa 'yata cewa ɗinkin da ke mahaifarta yana son hutu, kada ta kuskura ta ɗauki ciki sai bayan shekara biyu. Ta nuna mata allura da ƙwaya da abin da ake sa wa a dantse, ta ce ta je ta shawarci maigida ta dawo. Maigidan yana nan waje, da an leƙa taga an gan shi. Babu wanda ya ce ya shigo.

Ranka shi daɗe, yarinyar da ko sunan mijinta ba ta iya faɗa, ita aka ɗora wa wannan saƙo. Tsohuwar maƙwabciyarmu da ta yi jinyarta, wadda muke kira Inna Tumba, ta ce mini a hanya ta matsa wa 'yata ta gaya wa mijin, sai yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, da wane baki za ni hwaɗa mai?" Shan maganin a ɓoye kuma ta ce ba za ta ci amanar aure ba. Ban ga laifinta ba, haka uwarta ta rene ta.

3. Abin da na yi, da abin da aka yi masa a ƙofarku

Inna Tumba ta kawo mini maganar. Za ka ce, to kai me ya hana ka gaya masa? Idan kai Bahaushe ne ka san amsa. Yaron nan idan ya hango ni, tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba tun da aka ɗaura aure. Idan na buɗe baki na yi masa maganar shimfiɗarsa da 'yata, ba zai ji komai ba sai cin fuska, kuma ba zai sake iya shiga inda nake ba har abada.

Sai na bi hanyar da ake bi. Na kira abokinsa, na ce ya gaya masa ana nemansa a ɗakin tazarar haihuwa a kan lafiyar iyalinsa. Surukina ya bar aikin lodin albasa ya tafi. Maigadi ya tare shi ya ce, "Malam, yau ranar mata ta, maza ba su shiga." Ya koma. Wani makon ya sake zuwa, ya samu ya kai bakin ɗakin, mata cike da benci. Ma'aikaciyar da ke rubutu ko kai ba ta ɗaga ba, ta tambaye shi ina matarsa. Ya ce tana gida, shi aka ce ana nema. Sai ta nuna masa wani kwali ta ce, "In roba kaka so, ga ta can, ɗiba." Mata suka kwashe da dariya. Cikinsu har da matan unguwarmu.

Wataƙila a birni wannan ba komai ba ne. A nan, namijin da aka miƙa wa kwaroron roba a gaban mata, an kira shi mazinaci ke nan. Abokin ya gaya mini yaron ya fito idonsa ja, ya rantse ko gawarsa ba za ta sake bi ta ƙofar nan ba. Ya tafi da niyyar jin abin da zai ceci matarsa, ya dawo da abin kunya, kuma har yau bai san dalilin da ya sa aka kira shi ba.

4. Taronku na maza

Na ji an ce a rahotonku kuna shigar da maza cikin shiri. Na halarci taron, don haka bari in gaya maka wane irin maza. Cikin rani aka yi shi, a babban ɗakin taro, lokacin da duk wani saurayi da magidanci mai ƙarfi a jika ya tafi ci-rani. Masu unguwanni aka gayyato, da limamai, da tsofaffin ma'aikata irina. Na duba hagu na duba dama, furfura ce zalla. Wanda ke kusa da ni autarsa ma ta yi jika. Aka ba mu riga da hula da lemon kwalba, aka ɗauke mu hoto muna riƙe da allo. Mu ne mazan da za a koya wa hutar da mata, mu da matanmu suka daɗe da hutawa.

Mai jawabin kuma ya zo da maganar ƙayyade iyali, yana cewa 'ya'ya sun yi yawa, abinci ya yi kaɗan. Yallaɓai, a ƙasar da ba a yin mako ba a kai wani makwanci ba, wannan magana ba ta shiga kunne. Na ji da kunnena wani dattijo yana cewa a bakin ƙofa, ana kashe mu a daji, an kuma biyo mu gari a hana mu haihuwa. Ba gaskiya ya faɗa ba, amma jawabinku ne ya ba shi bakin faɗa. Da an ce hutu, da an ce a bar mace ta warke ta shayar da ɗanta shekara biyu kamar yadda addini ya zo da shi, babu limamin da zai tashi. Na ɗaga hannu in faɗi haka, aka ce lokaci ya ƙure.

5. Ciki na biyu

Jikana bai fara tafiya ba cikin uwarsa ya fito. Aka cire shi daga nono ba shiri, ya yi ta zawo, ya rame har yanzu bai gama komowa ba. Surukina ya yi murna da cikin, ya tafi kudu neman abin suna, don gonarsa tana hannun waɗanda ba a tambaya.

Naƙuda ta zo kafin lokacinta. A asibitin nan aka duba ta aka ce ba aikinsu ba ne, sai Sakkwato. Ka san hanyar, ka san yadda direbobi suke jiran a taru kafin su kama ta. Ina gaban mota, tana baya a jikin Inna Tumba, ina jin numfashinta yana sauka yana tashi, ban iya waiwayawa ba. Da muka isa, mahaifa ta riga ta yage daga tsohon ɗinki. Jinjirin ya rasu a ciki. Ita Allah ya yi da sauran kwananta.

A can ne likita, wani yaro sa'an ɗana, ya ja ni gefe. Ya ce sun ɗinke abin da za su iya ɗinkewa, amma idan wani ciki ya shiga kafin ta yi shekaru tana hutawa, kada mu wahalar da kanmu da hanya. Ya ce in kawo mijin ya yi masa bayani. Na ce mijin yana kudu. Ya ce to idan ya dawo a kai shi wajen masu tazarar haihuwa na garinmu. Wato wajenku. Wato ƙofar nan da ya rantse ba zai sake bi ba.

Abin da aka gaya wa surukina a waya shi ne jinjiri bai zo da rai ba, uwa ta samu sauƙi. Mahaifiyarsa, wadda 'ya'yanta maza biyu suka tafi gona ba su dawo ba, tana zuwa gaisuwa kullum tana cewa, "Allah shi maida gurbi da wuri, shi ɗai za ya share mata hawaye." Inna Tumba ta gwada yi mata bayani, sai mahaifiyar tasa ta ce surutun asibiti ne, ita goma ta haifa a ɗaki. Ba mugunta ba ce. Ita abin da ta sani ke nan na jaje, kuma shi za ta gaya wa ɗanta ranar da ya sauka.

6. Inda muke yau

Na ɗauko 'yata na kawo ɗakina. Na rataya tabarma a tsakiya, ita da yaron a ciki, ni a bakin ƙofa. Ni nake ɗebo ruwa, ni nake hura wuta. Mutanen unguwa suna yi mini ba'a wai Malam ya zama uwar jego. Su yi. Amma ba za ni iya riƙe ta ba. Ranar da mijinta ya dawo ya turo manyansa da goro, ba ni da kalmar da za ni faɗa. Uwa ce ke cewa yarinya ba ta yi ƙwari ba a karɓa a tafi. Idan uba ya hana miji matarsa, kowa ya san abin da ake nufi, saki ake nema. Ni kuwa ba saki nake nema ba, tana son mijinta, shi ma yana son ta.

Na je wajen limaminmu. Mutum ne mai tsoron Allah, bai yi mini gardama ba. Ya ce, "Malam, ni ban san cikin mutum ba. Ka kawo wanda yas sani, in zauna kusa da shi in ce ma yaro gaskiya ta." Ka ji, rabin aikin a shirye yake. Rabin da ya rage naku ne, kuma shi na rasa. Na tambaya ko kuna da ma'aikaci namiji da ke zuwa gida, aka ce akwai guda, amma shi aikinsa tuƙa mota.

Kada ka ɗauka 'yata kaɗai ce. Samarin da na koya wa karatu su ne mazan auren yau. Na koya musu ƙasashen duniya da lissafi, ba a taɓa ba ni darasi ɗaya in gaya musu mace tana mutuwa da haihuwa a kan haihuwa ba. Suna aure cikin gudun hijira, babu suruka kusa, babu mai gaya musu.

Abin da nake roƙo

Na farko, duk macen da aka yi wa aiki, kada a sallame ta sai an kira mijinta an zaunar da shi a ɗaki, namiji ya yi masa bayani. Wanda aka iya nemowa don jini, ana iya nemo shi don magana.

Na biyu, ku samo ma'aikata maza, ku ba maza ƙofarsu da lokacinsu, inda ba za su ratsa bencin mata ba. Ku kuma ja kunnen masu nuna kwali.

Na uku, ku daina taron maza da rani. Ku zo da damina, bayan la'asar, ku same su a majalisa da tashar 'yan kabu-kabu da bakin masallaci, tare da limami. Ku bar mu tsofaffi da hulunanmu, ku nemi samari masu shirin aure. Kuma ku ce hutu, kada ku ce ƙayyadewa.

Na huɗu shi ne nawa, kuma shi ya sa na rubuta duk sauran. Ka turo mini namiji ɗaya, mai hankali, wanda ya san aikin, kafin ruwa ya sauka. Ya tambayi limamin unguwar 'yan gudun hijira da ke bayan kasuwa, zai kawo shi inda nake. Ni za ni shimfiɗa musu tabarma in bar wurin. Na san surukina. Idan aka gaya masa cikin mutunci cewa ran matarsa ne, da kansa zai riƙo hannunta ya kawo ta, ko ta wace ƙofa ce.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, motocin 'yan ci-rani sun fara shigowa tasha. Kullum na ji tsayuwar babur a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, ni da ya kamata in yi murna da dawowar surukina.

Ranka shi daɗe, tun ranar da aka raɗa wa yarinyar nan suna ban taɓa furta shi ba. Idan ina son kiranta, sai in ce ke, ko in ce uwar gida, ta amsa. A Sakkwato ma da aka tambaye ni sunan maras lafiya, Inna Tumba ce ta faɗa. Amma akwai wuri ɗaya da ba a wakilta uba. Idan aka ajiye gawa a gaban sahu, liman yakan juyo ya tambayi waliyyi wace ce za a sallata. Ina roƙonka don Allah, kada ka bari ranar nan ta zama ranar farko da za ni kira sunan 'yata.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya tsare maka naka 'ya'yan mata, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa mu koma gidajenmu. Amin.

Wassalam.

Naka,
Wani uba, tsohon malamin firamare,
Sabon Birni.